Maus mai waya ko wayales, wanne ne na gem?

Ɗan Kabuga: Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na ɗan tara kuɗi zan sayi maus na gem, wanda nake amfani da shi yanzu irin na ofis ne da ake ba ka gyara idan ka sayi laftof, a gem ɗin harbi na Counter-Strike 2 kafin na juya an riga an kwantar da ni. Jiya na leƙa Beirut Road na ga kala-kala amma abokina ya ce kar na kuskura na ɗauki wayales, wai duk wayales jinkiri gare shi, mai waya ne kaɗai na gem. Haka ne?

Mai Gidan Gem: Wslm. Abokinka ya gaya maka gaskiya ƙanina. Shekarata takwas da shagon gem a Zoo Road, kwamfuta goma gare ni kuma babu wadda na sa wa wayales. Saƙon da ya bi cikin waya ba ɗaya yake da wanda ya bi iska ba, wannan ko yaro ya sani. Na taɓa sayen guda biyu na gwada, kibiyar sai ta dinga tsalle tana tsayawa, yara suka ƙi zama a kujerun, cikin sati na cire su.

'Yar Nasarawa: Yaya kayi haƙuri amma wannan tsohuwar magana ce wlh. Ka buɗe duk wata babbar gasar Counter-Strike ko Valorant ka kalli teburin 'yan wasan, mafi yawansu babu waya a jikin maus ɗinsu. Mutanen da da gem ɗin suke ci suke sha, in da akwai jinkiri za su yarda su riƙe shi? Logitech G Pro X Superlight tun ƙarshen 2020 ya fito, bai kai giram 63 ba, kuma a shekarun da suka biyo baya shi ya cika hannun ƙwararru.

Mai Gidan Gem: Su ai biyansu ake yi su riƙe ƙanwata, talla ce.

'Yar Nasarawa: Ana biyan wasu, ban musa ba. Amma kamfanonin da ke biyansu suna da masu waya ma, da mai wayar ya fi ai shi za su zaɓa a cikin kayan kamfanin.

Injiniya: Oga bari na tambaye ka, guda biyun da ka gwada, da bulutut suke haɗuwa ko da ɗan risibar nan da ake sokawa a USB? Kuma na gem ne ko na ofis?

Mai Gidan Gem: Ɗaya bulutut ne, ɗayan mai risiba. Ba masu tsada ba ne gsky, masu fitilu dai.

Injiniya: To nan gizo ke saƙar. Wayales ba iri ɗaya ba ne, kuma duk rigimar nan daga nan take tasowa. Maus yana aika wa kwamfuta rahoton inda yake sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Na ofis yawanci sau 125 yake aikawa, wato duk bayan milisakan 8, na gem sau 1000, wato duk milisakan 1. Bulutut a wajen 125 ɗin nan yake yawo kuma an gina shi ne don ya tanadi batir ba don sauri ba, shi ya sa idan ka ɗan bar shi yake yin barci sai ka motsa ya farka. In wannan abokin Ɗan Kabuga yake nufi to yana da gaskiya ɗari bisa ɗari, kar ka buga gem ɗin harbi da bulutut. Amma masu risibar 2.4GHz na manyan kamfanoni, Lightspeed na Logitech ko HyperSpeed na Razer, su ma sau 1000 suke aikawa kamar mai waya, tun G900 na Logitech da ya fito a 2016 aka wuce wannan wajen. Mai araha kuma ko da risiba ne ko da waya ne, sensar da ke cikinsa, wato idon da ke karanta motsin hannunka, ita ce matsalar, ka fizge shi da ƙarfi sai ta rikice kibiya ta kalli sama ko ƙasa. Masu kyau yawancinsu sensar PixArt ce ta Taiwan a ciki irin su 3360 da 3389 da 3395, Logitech kuma suna da tasu HERO. Wani abu kuma da nake gani kullum a wajen gyara, mutum ya soka risiba a bayan kwamfuta ƙarƙashin tebur kusa da ramin USB 3.0 mai filash a jiki, alhali USB 3.0 yana fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4GHz ɗin, sai ya zo yana cewa maus ya lalace. Ɗan igiyar ƙari da ke zuwa a kwalin wasunsu ba ado ba ne, don ka kawo risibar kan tebur kusa da hannunka ne.

Mai Gidan Gem: Na ji Injiniya, ba zan ja da kai a kan lissafi ba, aikinka ne. Amma mu dawo Kano. Superlight ɗin da ƙanwata ta ambata dala 150 aka sa masa da ya fito, ka juya shi zuwa naira yau ka gaya wa ɗalibi. Sannan caji, a wuni nawa muke samun wuta? Ni da jen da sola nake tafiyar da shago, ba zan ƙara wa kaina lissafin wane maus ne ya mutu ba ana tsakiyar wasa. Ga risibar nan ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gyaɗa, yaro ɗaya ya zare ta ya sa a aljihu shikenan maus ya zama kwalliya. Mai waya kuwa ka soka ka manta da shi.

'Yar Nasarawa: Wannan hujjar shago ce Yaya, kuma na yarda da ita a shago. Shi Ɗan Kabuga a ɗakinsa zai yi amfani da shi. Ni wayales ɗin Logitech G305 nake riƙe da shi, batir ɗin AA guda ɗaya yake ci irin na rimot da agogon bango, kamfanin sun ce yana kai awa 250, babu ruwana da an kawo wuta ko an ɗauke. In ya ƙare mai kanti na ƙofar gida yana da shi.

Ɗan Fagge: Ku duk kun bar jaki kuna dukan taiki. DPI shi ne magana. Nawa an rubuta 16000 a kwali, da fitilu kala bakwai da maɓalli tara kuma ko rabin kuɗin naku bai kai ba. Ɗan Kabuga ka nemi mai DPI mafi yawa kawai.

Injiniya: A'a ɗan uwa, nan kam sai na tsaya maka. DPI yawan ɗigon da kibiya ke tafiya ne idan ka ja maus inci ɗaya. Sikirin ɗinka faɗinsa ɗigo 1920 ne, a 16000 ka motsa hannu kamar milimita 3 ka ƙure shi daga wannan gefe zuwa wancan, wa zai saita kan mutum a haka? A 800 sai ka ja kusan santimita 6, hannu yana da filin gyara kuskure. Shi ya sa ƙwararrun Counter-Strike da yawa a 400 ko 800 suke, wasu 1600. Kuma masu arahar nan sau da yawa lambar kwali ba ta sensa ba ce, ninka ta ake yi da manhaja, kibiya ta yi sauri amma tana rawa.

Ɗan Fagge: To ni dai yana min aiki, FIFA da GTA nake bugawa ban taɓa ganin matsala ba.

'Yar Nasarawa: Ƙwallo ai da pad ake bugawa, maus ɗin yana gefe yana hutawa.

Ɗan Fagge: GTA ɗin fa? Da shi nake harbi.

Injiniya: Zai yi maka a GTA, ba a neman saiti irin na Counter-Strike. Amma bari na faɗi abin da ke damuna da muhawarar gaba ɗaya. Muna ta faɗa a kan milisakan 1, alhali sikirin ɗin yawancin laftof ɗinmu 60Hz ne, hoto ɗaya yana ɗaukar milisakan 16 da ɗoriya kafin wani ya zo. Ga netwok, ni daga nan gida in na shiga sabar Turai fin ɗina, wato jinkirin netwok, ba ya sauka ƙasa da milisakan 100. Razer sun fitar da Viper mai aika rahoto sau 8000 a 2021, ka ɗora shi a kan irin laftof ɗinmu babu abin da za ka gani sai wahalar da furosesa. Ɗan Kabuga, mai yiwuwa rabin kashe ka da ake yi ba laifin maus ba ne.

'Yar Nasarawa: Nan kuma ban bi ka duka ba Injiniya. Fin ba a hannunmu yake ba, amma abin da ke tafin hannunka kai ke zaɓa. Ni abin da ya canja min wasa ba sauri ba ne, rashin wayar da ke jan hannuna ne tana maƙalewa a gefen tebur, da kuma girman da ya dace da ni. Yayana Logitech G502 gare shi, giram 121, shi yana son sa saboda babban hannu gare shi yana kwantar da tafinsa gaba ɗaya a kai, ni in na riƙe shi minti talatin wuyan hannuna ciwo yake don da kan yatsu nake riƙewa. Duk wanda ya ce maka ga maus ɗin da ya fi kowanne bai ga hannunka ba.

Mai Gidan Gem: A nan mun haɗu. Kuma ku ƙara da ƙura. Lokacin hunturu a garin nan maus nawa na zubar saboda ka danna sau ɗaya ya danna biyu, wasu tun ba su shekara ba. Na taɓa sayen guda huɗu a wani shago da sunan orijinal, kwali da tambari komai daidai, da na sauke manhajar kamfanin ko ɗaya ba ta gane ba, ashe jabu ne. Yanzu da laftof nake zuwa kasuwa, a gaban mai kaya nake gwadawa kafin na ƙirga kuɗi.

Injiniya: Danna biyun nan daga ɗan ƙarfen da ke cikin maɓallin ne idan ya gaji ko ya yi datti, ana canja shi da soda, ina yi wa mutane. Akwai masu maɓallin haske irin na Razer Viper Mini, su babu ƙarfen da ke haɗuwa balle ya yi hakan. Kuma ka rufe maus da faifan da kake jansa a kai da ƙyalle in ka tashi.

Ɗan Kabuga: Ngd sosai wlh na ƙaru. Kuɗina dai ba za su kai Superlight ba ko Landan yus ne. Tsakanin Logitech G102 mai waya da G305 nake yanzu, laftof ɗina kuma 60Hz ne kamar yadda Injiniya ya faɗa.

Mai Gidan Gem: G102 ƙanina. Giram 85, sau 1000 yake aikawa shi ma, ya fi G305 rashin nauyi kuma ya fi araha, canjin ka sayi babban faifai mai kyau. Har gobe ni ina kan mai waya.

'Yar Nasarawa: Siffarsu kusan ɗaya ce, don haka gwaji zai raba gardama. Yaya in ka yarda ranar Asabar bayan la'asar zan ba ƙanena nawa ya kawo shagonka, a soka su a kwamfuta ɗaya Ɗan Kabuga ya buga da kowanne.

Mai Gidan Gem: Ya kawo, kwamfuta ta uku ce mai sikirin 144Hz, zan ajiye muku ita. Amma risibar a hannunsa za ta zauna har a gama, ban ɗauki alhakinta ba.

Injiniya: Zan biyo in na rufe da wuri. Ɗan Kabuga kafin nan ka shiga saitin maus na Windows ka cire alamar da ke kan Enhance pointer precision, ka taho da laftof ɗinka da cajarsa mu gwada a kansa ma tunda a kansa za ka dinga bugawa.