Tsiron nama a hanci: dole sai tiyata ne?

Maman Iman:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara. Maigidana ne hancinsa kullum a toshe, tun muna cewa murar hunturu ce har damina ta zo ta wuce abin na nan, ga minshari da daddare, yanzu ko ƙamshin miya ba ya ji. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da wata siririyar kyamara ya ce tsiron nama ne a ɓangare biyun, ya rubuta maganin feshi, ya ce a yi hoton CT, wai kuma sai ya ga likitan ƙirji saboda asmarsa. To meye haɗin hanci da likitan ƙirji? Ƴan uwansa kuma sun dage a kai shi wajen wanzami a cire. Ko kansa ce ake ɓoye mana?

Abu Hafsat:
Wa alaikumus salam Maman Iman, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikacin jinya ne. Ki kwantar da hankalinki, irin wannan tsiron mai fitowa ɓangare biyu yawanci ba ciwon daji (kansa) ba ne, kumburi ne da ya daɗe a fatar cikin hanci har ta zazzago. Wanda ya fito gefe ɗaya ko yake zubar da jini shi ne aka fi gaggawar yankar ɗan kaɗan a kai lab. Maganar wanzami kuwa don girman Allah kar ku yarda, wurin nan dab yake da ido da ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma tushen abin can ciki yake inda aska ba ta kaiwa. Hanci da huhu hanyar iska ɗaya ce, ciwon ɗaya na tayar da ɗayan, shi ya sa ake haɗa hannu, likitan hanci da na ƙirji da mai karanta hoto, in ta kai ga tiyata kuma mai ba da allurar barci sai ya tabbatar asmar ta lafa tukuna.

Anty Bilki:
Ni an yi min aikin, ta cikin hanci suke bi da kyamara, ba a yanka fuska ko kaɗan. Amma fa ki gaya masa yana iya dawowa, feshin nan da wanke hanci da ruwan gishiri ba a dainawa don an ji sauƙi. Ruwan ki tafasa shi ya huce kafin a yi amfani da shi. In kuna kusa da Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, suna duba hanci ma, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika su ma suna da sashen.

Baban Sadiq:
Ni harkar magani nake, bari in ƙara. Feshi irin su mometasone ko fluticasone sai an yi makonni ana yi kullum kafin a ga aikinsa, mutanenmu kwana uku su ce ba ya yi su koma Otrivin, maganin buɗe hanci nan take, shi kuma in ya wuce ƴan kwanaki toshe hancin yake ƙarawa. Maganin sha prednisolone na rage girman tsiron da sauri amma na ɗan lokaci ake bayarwa, yana ɗaga suga da hawan jini, kar ya saya da kansa a kemis. Abin da ya fi damuna, mai asma da wannan tsiron wani in ya sha aspirin ko ibuprofen ko diclofenac numfashinsa sarƙewa yake. Akwai kuma allurar dupilumab da Amurka ta amince da ita don wannan ciwon a 2019, sai dai tsadarta ba ta talaka ba ce.

Maman Iman:
Innalillahi, wallahi diclofenac yake sha in bayansa ya matsa, kuma yakan ce ƙirjinsa ya riƙe. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Abu Hafsat:
To ya dakatar da shi yau, ki faɗa wa likitocin biyu a rubuta a katinsa, su za su zaɓa masa na ciwon bayan.