Abin da 'yan'uwa suka ce kan aikin koyo a ƙungiyar kula da Shuɗin Nilu

Ƙaninmu na Maiwurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan, ya tambaya ko ya karɓi aikin koyo a wata ƙungiya mai sa ido kan ruwan kogin. Ga abin da na tattara.

1. Kusan kowa ya ce ya karɓa. Daga Sinnar zuwa Wad Madani, ruwan nan shi muke sha, shi muke ban ruwa da shi.

2. Yawancin aikin ɗibar ruwa ne a kwalba, a auna laka, a rubuta rana da wuri. Waɗanda suka taɓa yi sun ce ya riƙe littafinsa da kyau, musamman da damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan ke yin ja.

3. Kada ya shiga magudanun ban ruwa na gonakin Jazira ba takalmin roba, saboda tsargiya. Ba wanda ya musa wannan.

4. An rabu kan kuɗi. Wasu sun ce ilimin ya isa, wasu suka ce ya nemi kuɗin mota a rubuce. Ni ina tare da na biyun, domin tun yaƙin Afrilu 2023 tafiya ta yi tsada, kuma gida na jiransa.

5. An kuma rabu kan yadda za a yi da manoma masu feshin maganin da ke shiga ruwan. Kaɗan sun ce a kai ƙara. Mafi yawa suka ce ya bi ta hannun dattawa da limamai, Hausarsa da Larabcinsa za su yi masa rana.