Tsohuwar libarbar Webley ta 1917: wane harsashi ya dace da ita?

Baban Walida, Houston

Assalamu alaikum jama'a. Na san yawancin hirarmu a nan ta farauta ce da bindigar toka, amma yau wata matsala ce ta kawo ni.

Wata biyu ke nan na raka abokin aikina kasuwar baje kolin bindigogi a nan Texas, ba da niyyar sayen komai ba. Sai idona ya faɗa kan wata tsohuwar libarba, Webley Mark VI, an buga mata 1917 a gefe, ga kuma 'yar kibiyar nan ta gwamnatin Ingila. Na yi tsaye cak. Kakana na wajen uwa sojan Bama ne, kuma kafin a kwashe su ya yi wa wani hafsa Bature hidima a Kaduna. Muna yara a Fagge yakan kwatanta mana bindigar maigidan nasa, wai karya ta ake yi a tsakiya kamar rake, kwanso shida su yi tsalle waje lokaci guda. Mu dai dariya muke yi, mun ɗauka ƙarin gishirin tsofaffin sojoji ne. Ranar na danna maƙullin da babban yatsa, ta karye, ganga ta fito fili da ramukanta shida. Allah Ya jiƙan Kaka, ashe gaskiya yake faɗa. Dala 700 na biya, aka yi binciken da doka ta tanada, na taho da abata. Maman Walida kwana biyu tana gaishe ni a tsaye.

Ga matsalar. Mai sayarwar ya ce min harsashin .45 ACP take ci, har ya haɗa min da wasu 'yan fayafayan ƙarfe da ake jera harsashi a ciki. Na je filin harbi sau biyu, na harba kusan hamsin. A yadi 25 duk ƙasa da inda na saita suke sauka, kusan taƙi guda. Bugunta a tafin hannu ba daɗi, kuma yanzu in na rufe ta na jijjiga, ina jin ɗan motsi a wajen maƙulli wanda ban lura da shi da farko ba. Kunamar ma tauri gare ta, in ban ɗana gudumar ba sai yatsa ya yi gumi.

Shin in goge saitin gaba ya rage tsawo? Kuma akwai yadda zan sassauta sifirin ɗin kunamar da kaina?

Injiniya, Columbus

Wa alaikumus salam. Baban Walida, don girman Allah kada ka sake saka mata .45 ACP na kanti. Ajiye zancen saiti tukuna, wannan ya fi gaggawa.

Ita Mark VI, tun da sojojin Ingila suka karɓe ta a 1915, harsashinta .455 Webley ne: dalma mai taushi, nauyin giram 17 da 'yan kai, tana tafe a hankali, kimanin ƙafa 600 zuwa 650 a daƙiƙa. Matsin da yake yi a cikin ganga bai wuce psi 13,000 da kaɗan ba. Shi kuwa .45 ACP yana iya kaiwa 21,000. Bayan yaƙin duniya na biyu an shigo da irin waɗannan bindigogi Amurka da yawa, kuma .455 yana wuyar samu, sai 'yan kasuwa suka riƙa aske bayan gangar don .45 ACP ya zauna da faifan nan da aka ba ka. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Kowane harbi da ka yi, kusan gwajin ƙarfi kake mata, ga ta mai karyewa, dukkan nauyin a kan maƙulli ɗaya da mahaɗi ɗaya yake sauka. An sha ganin waɗanda gangarsu ta tsage.

Duba lambar da aka buga a jikin gangar ta can baya. In ka ga gindin lambobin ya gutsure, an aske ta.

Saukar ƙasa kuwa ba laifin saiti ba ne. An yanka shi ne don harsashi mai nauyi marar sauri, wanda ke daɗewa a cikin bututu har baki ya ɗan ɗaga kafin ya fita. Naka bai kai shi nauyi ba kuma ya fi gudu, yana ficewa tun bakin bai tashi ba. Ka mayar mata da abincinta, za ka ga ta hau da kanta. In ka goge saitin, ƙarfen da ya tafi ya tafi.

Sifirin ma ka ƙyale shi. Mai siffar V ne, in ka rage masa ƙarfi guduma za ta riƙa bugu harsashi bai tashi ba, in ya karye kuma sai ka sha yawo kafin ka samu na asali. Sau da yawa taurin nan busasshen man shekara ɗari ne ya daskare a ciki. A wanke, a ɗiga mai kaɗan.

Bazazzagi

Kai Alhaji! Bindigar da aka ci Kano da ita ka kwashi dala 700 ka saya, kai Bakano? Lallai zaman Amurka ya karɓe ka. Mu nan ko harba-ka-ruga ka rataya sai ka yi bayani a caji ofis.

Tsohon Soja, Kaduna

Bazazzagi, tsokanarka ta yi, amma lissafi bai fita ba. Fabrairun 1903 Kanar Morland ya shiga Kano, shekara goma sha biyu kafin a haifi Mark VI. In ma akwai Webley a ƙugun hafsoshinsa, yayyenta ne, kuma ba su suka yi aikin ba, igwa ce da bindiga mai jigida ta Maxim.

Baban Walida, ɗana, Allah Ya jiƙan kakanka. Na tarar da 'yan Bama da yawa, kuma zancen karya bindiga na sha jinsa a bakinsu. Abu biyu zan ƙara. Na farko, ka haska cikin bututun da tocila. Harsashin zamanin da yana barin gishiri mai jawo tsatsa, shi ya sa a da ake ɗura wa bindiga tafasasshen ruwa bayan harbi. In wanda ya riƙe ta malalaci ne, za ka ga 'yan ramuka kamar zanzana. Kuma ka daina rufe ta da fizga irin ta 'yan fim, ka danne maƙullin, ka rufe a hankali, sannan ka saki.

Na biyu, kada zumuɗi ya sa ka ce za ka kawo ta gida a nuna wa dangi. A dokar makamai ta Najeriya, libarba da fistol suna cikin jerin haramtattu ne, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa, ba irin na bindigar farauta ba ne da ake nema wajen 'yan sanda. Tsufanta ba zai cece ka a filin jirgi ba. Hoto ya ishe su.

Baban Walida, Houston

Na gode ƙwarai. Baba, na ji, ko ƙofar filin jirgi ba za ta gani ba. Bazazzagi kuwa ina bin ka bashi.

Injiniya, na duba lambar a daren da ka yi magana. Rabin gindin kowace lamba babu. Sai da jikina ya yi sanyi, don Walida tana tsaye bayana ranar harbi na biyu, da abin toshe kunne dai, amma tana nan.

Jiya na kai ta wajen wani dattijon maƙerin bindiga, tafiyar minti arba'in daga gidana. Ya auna ramukan gangar ɗaya bayan ɗaya, ya ce babu tsaga kuma babu kumburi, juyinta yana daidaita da bututu a dukkan shida. Motsin maƙullin yana nan, amma ya ce zai iya matse shi. Bututun akwai zanzana kaɗan kusa da baki, ya ce da dalma ba za ta dame ni ba.

Wani abu da ban sani ba: ko na sayi .455 na gaskiya, wanda kamfanin Fiocchi ke yi, ba zai tashi daidai ba, don leɓensa siriri ne, kuma askin ya bar tazara tsakaninsa da guduma. Ya ba ni zaɓi: ko faifai mai cike tazarar, ko kwanson .45 Auto Rim mai kaurin leɓe, a ɗura shi da dalma mai taushi a matsi irin na .455, ko kuma a nemo gangar da ba a taɓa ba, shi ya zaunar min da ita. Ta ukun nake so, sai dai farashin da ya ambata ya kusa rabin kuɗin bindigar, kuma Maman Walida ba ta gama hucewa ba. Na ce a fara da Auto Rim ɗin.

Ya cire murfin ƙotar a gabana, abin da ya fito daga ciki kamar daskararren man kaɗanya, baƙi ƙirin. Mako uku ya ce in dawo. Sauran kwalin .45 ACP ɗin na bai wa abokin nan da ya ja ni kasuwar, shi mai fistol Colt 1911 ne, ita ce aka yi wa wannan harsashin.