Matsar, ƙaurar ko mayar?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina koya wa ƙannena Python, wani yaren rubuta wa kwamfuta umarni, da Hausa, mun zo kan ɗan rubutun umarni da zai tattaro hotunan waya ya rarraba su folda-folda, kowace shekara da tata. Nan na cije: me za mu kira "move", wato sauya wa fayil folda?

2/ Na fara da "matsar da fayil". Bai zauna mini ba. Kujera ake matsarwa, ka ɗan tura ta gefe a wuce.

3/ Wani malamina ya ce "ƙaurar da". Da daɗi a kunne, amma mu leƙa ciki. Muddin fayil bai bar faifan da yake kai ba, abin da ke cikinsa ko motsi ba ya yi. Folda ai ba jaka ba ce, rajistar sunaye ce: a soke sunan a wannan rajista, a rubuta shi a waccan, shi ke nan. Shi ya sa bidiyo mai giga 4 kan sauya folda kafin ƙiftawar ido. Ƙaura ta gaske sai in za a kai shi filashi. A nan ne shutil.move, umarnin "move" na Python, kan kwafe shi tukuna, sannan ta goge na asali. Wanda bai ɗaga ko tabarma ba, ya za a ce ya yi ƙaura?

4/ Ga wani abu kuma: a Linux, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta irin Windows, umarnin mv ɗaya ne ke sauya wa fayil wuri, shi ne kuma ke sauya masa suna. Haka os.rename, umarnin Python na sauya suna.

5/ Don haka na tsaya a kan "mayar". Mukan ce an mayar da ma'aikaci Gusau, mukan ce an mayar da shago masallaci. Sauyin wuri da sauyin kama, duk ta ɗauka. Na san za a ce tana nufin komar da abu inda ya fito. Gaskiya ne, amma wannan aikin "maido" ta ishe shi.

6/ Ranar gwaji na sha mamaki: hotuna biyu masu suna IMG_0001 suka haɗu a folda ɗaya, os.rename a Linux ta danne na farko ba ko sallama. Hoton walimar saukar ƙanwata ne. Yanzu darasin na farawa da "duba ko akwai mai wannan suna, kafin ka mayar".

7/ 'Yan'uwa na Zinder da Maradi, ku da kuka taso da "déplacer" ta Faransanci, me kuke cewa?