Kwamfuta za ta iya faɗa mana kifi nawa ya rage a teku?

Lawali: Jama'a, ina nan kan bakana: kada a yanke yawan kifin da za a kama a teku bisa lissafin kwamfuta. Kanada ta gwada. Lissafi ya yi ta nuna kifin kod na gaɓar gabas yana nan da yawa, masu ƙananan jirage na kuka cewa kifi ya ƙanƙance ya yi wuya, ba wanda ya saurare su. Watan Yuli 1992 aka rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Mu a Maradi ba mu da teku, amma kwalin kifin ƙanƙara da ake saukewa a kasuwa ai ba daga gulbi ya fito ba.

Malama Hadiza: Malam Lawali, ku duba abin da aka ɗura wa lissafin tukuna. Cikin ma'aunin da aka dogara da shi har da abin da manyan jirage ke kamawa a kowace awa ta jan taru. Shi kuwa kod in ya ragu taruwa yake wuri guda, jiragen kuma suna da na'urar gano shi. Kamu bai sauka ba, kifi na ƙarewa. Masuntan tafkin Madarunfa sun san irinta: ruwa ya ja da rani, kifi ya matsu a kwari, koma ta cika, ba don kifi ya ƙaru ba.

Lawali: Ko laifin ma'auni ne ko na kwamfuta, kifi dai ya tafi, Malama.

Injiniya Sabi'u: Bari in faɗi yadda ake aikin. Ɗauki manhajar Ecopath, wadda Jeffrey Polovina ya fara a 1984 a Hawai. Ana raba teku gida-gida: ƙwayoyin tsiron ruwa da ido ba ya gani, ƴan halittun da ke cin su, sardin, tuna, tsuntsaye, sai masunta. Kowane gida yana da lamba huɗu: nauyinsa a kowace murabba'in kilomita, abin da yake samarwa a shekara, abin da yake ci a shekara, da kason abin da ya samar da ake cinyewa ko kamawa. Ka ba ta uku da teburin wa ke cin wa, ta fitar da ta huɗu. Wannan kason ba ya wuce 1. In ya fito 1.4, kana cewa an ci abin da ba a haifa ba. Nan fa ɓarnar take: mai gaggawa sai ya yi ta taɓa teburin abinci har lamba ta sauko, ya ce ya daidaita. Ni abin da nake fara dubawa shi ne samarwa a raba da ci. Ga yawancin kifi tsakanin 0.1 da 0.3 ya kamata ya tsaya.

Malama Hadiza: A ƙara da Ecosim, ɓangaren da ke hasashen shekaru masu zuwa. Akwai lambar da ke nuna yadda mai farauta ke iya cimma abincinsa, manhajar tana zuwa da ita a kan 2. Wanda ya bar ta haka bai yi komai ba. A daidaita ta da tarihin kamu, a ɓoye shekarun ƙarshe, a gani ko za ta canka.

Lawali: To tarihin kamun wa? Daniel Pauly da Dirk Zeller sun nuna a 2016 cewa kamun duniya na 1996 ya kai tan miliyan 130, alhali a hukumance miliyan 86 aka rubuta. Kwalekwalen Senigal da ke sauke sardinella, ƙaramin kifi dangin sardin, a kan rairayi, wa ke auna su duka? Ga masana'antun niƙa kifi na Nuwadibu a Muritaniya suna haɗiye ta. Hatta tauraron ɗan'adam da ke auna koren launin ruwa don gane yawan ƙwayoyin tsiro, ƙurar hunturun nan tamu in ta taso daga sahara rikita shi take.

Hajiya Ramatu: Ƙanena, shi ya sa ba a tsayawa ga kamu kaɗai. Jirgin bincike na Dr Fridtjof Nansen, aikin Norwe da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yana bin gaɓar Afirka ta yamma yana aika sauti ƙarƙashin ruwa, ya auna amsa-kuwwar garken kifi, ya jefa taru don sanin iri da tsawo. Wannan ba ruwansa da abin da masunci ya faɗa. Inda nake tare da kai wajen shakkar lissafi shi ne haɗa matsi, wato tara abubuwan da ke takura teku. Taswirar Benjamin Halpern ta 2008 ta tara nau'i 17, su kamu, gurɓata, ɗumamar ruwa, zirga-zirgar jirage, ta ce kashi 41 cikin 100 na teku na shan wuya sosai. Amma tarawa kawai ta yi, ɗaya da ɗaya biyu. Ɗumi in ya tarar da kifin da kamu ya riga ya rage, ɓarnar kan wuce biyu.

Injiniya Sabi'u: Don haka a tambayi kwamfuta zaɓi biyu, rufe wata uku ko rage jirage, ta nuna wanda ya fi, ba tan nawa daidai ba.

Lawali: Na yarda da wannan, Injiniya. Sai dai sardinella ba ta nuna takarda a iyaka, tana yawo daga Senigal da Gambiya har Muritaniya da Maroko. In kwamfuta ta ce a rage jirage, na wace ƙasa za a fara ɗaurewa?