Muhawara: Tunar da aka kama a ruwanka, kason wa ce?

Ɗan Gaɓa: Jama'a, tun 2011 hukumar IOTC, wadda ƙasashe suka kafa don kula da kamun kifin tuna a Tekun Indiya, ke zama kan rabon kifin, har yau an kasa. Tarayyar Turai na so a raba bisa tarihin kamun jiragen da ke ɗauke da tutar kowace ƙasa. Ni kuwa na ce duk kifin da aka kama cikin mil 200 na ruwan wata ƙasa, wanda dokar teku ta 1982 ta mallaka mata, a rubuta shi a sunanta, ko jirgin Sifaniya ne ya ɗebe shi.

Mai Taru: Malam, tuna ba ta zama wuri ɗaya. Wadda ke ruwan Seychelles yau, wata mai zuwa tana ruwan da ba na kowa ba. Masu jiragen nan sun biya kuɗin lasisi. Ka ba ƙasar da ba ta da jirgi kaso, su ɗin za ta sake sayar wa.

Ɗan Gaɓa: To ta sayar mana! Ƙasashe takwas na yarjejeniyar Nauru a Pasifik haka suka yi: suka ƙayyade kwanakin kamu a shekara, suka raba tsakaninsu, kwana ɗaya ba ya kasa dala 8,000 tun 2015. Lasisi haya ce, ba gado ba.

Hajiya Mai Bincike: Ɗan'uwa, ina bayanka kan kaso, amma ɓarnar tana wajen kayan aiki. Tarkon yawo dandamali ne mai shawagi a kan ruwa da ke tara kifi, raga na rataye ƙarƙashinsa, da na'urar da ke aika wa jirgi inda yake da yawan kifin da ya taru ta tauraron ɗan'adam. Idan aka zagaye shi da taru aka tsuke gindin, ƙananan tuna masu rawayar ƙaya, waɗanda ba su kai yin ƙwai ba, su ma sun shiga. A Fabrairun 2023, a taron IOTC a Mombasa, aka zaɓi hana amfani da tarkon kwana 72 duk shekara. Tarayyar Turai ta ƙi, wasu ƙasashe ma suka ƙi, masu ƙi suka wuce kashi ɗaya bisa uku na mambobin hukumar, dokar ta mutu.

Mai Taru: Hajiya, cikin masu ƙin har da Seychelles da Kenya. Kuma tsarin rage kamu na 2021, Indiya da Iran da Oman suka yi watsi da shi. Duk ƙasashen gaɓa ne.

Hajiya Mai Bincike: Gaskiyarka, Malam. Ƙofar ƙin amincewar ce ya kamata a fara ƙuntatawa, ta yadda mai ƙi sai ya kawo hujja da matakin da zai ɗauka a madadi.