Me za mu kira "ralanti" da Hausa?

Ƴan uwa masu sha'awar harshe, ga wata kalma da ta tsaya mini a rai tun watan Afrilu. Ina cikin cunkoso kafin gadar Kennedy a nan Yamai, zafi ya haura 40, na kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, sai allurar da ke nuna juyin inji ta shiga hawa da sauka, motar kamar za ta mutu ta fasa. Da na kai ta garaji, bakanike ya ce: "Alhaji, ralantinka ne ba shi da kyau." Na gane, amma na tambayi kaina, shin ba mu da tamu kalmar?

Ralanti dai shi ne juyin da inji ke yi mota na tsaye, ba a taka mata wuta ba. A ƙananan motocin esansi, idan inji ya ɗauki zafi, yakan tsaya tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti. Ƴan uwanmu na Najeriya "silo" suke cewa. Su sun aro daga Ingilishi, mu daga Faransanci, duk kanwar ja ce.

Na kai maganar fada, wurin hirarmu. Wani ya ce "hutun inji". Ban yarda ba, don injin da ke juya altanato da famfon ruwa, ga kuma kwampireso, mai matsa gas ɗin kilim, an ɗora masa, ba hutu yake ba. Wani malamin makaranta ya ce "gudun tsaye". Tana da daɗi a baki, kuma ta yi kusa. Sai wani tsohon direba ɗan Tawa, wanda ya daɗe a hanyar Konni, ya ce: "Ku yara, ai numfashi ne. Mota tana tsaye, inji shina numfashi." Nan na tsaya. Numfashin tsaye.

Abin da ya sa na fi son ta shi ne gaskiya take faɗi, maganar iska ce. Idan ka ɗauke ƙafa, ƙofar iskar inji, wadda bakanikai ke kira papiyo, kusan rufewa take. Ɗan abin da ke shiga wani ƙaramin bawul ne ke auna shi, a sababbin motoci kuwa kwamfuta ce ke ɗan buɗa ƙofar da kanta. Da ka kunna kilim, maganaɗisu ya kama kwampireso ya haɗa shi da juyin inji, fankar ladiyato ma ta tashi, nauyi ya ƙaru. Dole a ƙara wa inji iska da mai nan take. To idan ƙurar hunturu da tururin baƙin mai sun dasƙare a bakin ƙofar nan ko cikin bawul, ƙarin ba ya zuwa a kan lokaci. Allura ta faɗi, kwamfuta ta yi gyara ta wuce gona da iri, allura ta hau, a sake. Abin da mutum ke yi ke nan idan ya ɗauki buhun hatsi hancinsa a toshe. Haki.

Kun ga inda Hausa ta fi. "Ralanti ba kyau" ta haɗe cuta uku a baki ɗaya, alhali kowace da sunanta a wurinmu. Haki shi ne hawa da saukar allura, sai a fara da wanke ƙofar iska da bawul, a kuma nemi tiyon da ya tsage yana shan iska ta ɓarauniyar hanya. Karkarwa daban: allura na wuri ɗaya amma sitiyari na rawa, wannan a duba buji, masu ba inji tartsatsin wuta, ko robobin da inji ke zaune a kansu. Na uku ba ya buƙatar ƙirƙira, kowa ya san "mota ta mutu".

Akwai kuma hakin da ba laifin inji ba ne. Idan ka ji ƙas, ƙas, kwampireso na kamawa yana saki kowane ɗan lokaci kaɗan, sau da yawa gas ɗin kilim ne ya yi ƙasa, na'urar matsi tana yanke shi. Gas da ya yi yawa ma wahala ne, don matsin yana ƙara wa inji nauyi. Shi ya sa ba na son a yi ta ɗura gas da ka, ba tare da an sa ma'auni ba.

Malamin nan ya ƙi sakin tasa. Ya ce inji ai yana numfashi ko a guje yake, me ya sa za a keɓe kalmar? Na ce don haka ne muka ɗaura mata "tsaye". Ya ce ta yi tsawo, yaron garaji mai baƙin mai har gwiwar hannu ba zai bar gaɓa uku ya ɗauki biyar ba. Wannan kam gaskiyarsa, ralanti za ta ci gaba da zama a garaji. Amma a rubutu da rediyo ni dai numfashin tsaye zan riƙa cewa, haki da karkarwa kuwa ko gobe a garajin ma za a gane su.

Tawa motar, wankin ƙofar iska kawai ta buƙata. Da na koma na ce wa bakanike ta daina haki, bai tambaye ni me nake nufi ba.

Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku yaya kuke cewa?